Garmahon Baba yana ɗakina, amma hankalina yana kan sabon

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kebbi, shekaruna 44, ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ina taɓa noman shinkafar rani a fadama. Mahaifinmu ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar faya-fayan garmaho sama da 200, mafi yawansu na makaɗan ƙasarmu masu kotso da taushi da kalangu, har da wasu tsofaffi masu nauyi da ya gada, waɗanda aka rubuta 78 a jikinsu. Ya kuma bar garmahonsa ƙirar Technics SL-1200MK2, wanda ya saya tun muna cikin jihar Sakkwato. Duk suna ɗakina. Idan na ɗora faifai bayan sallar isha'i nakan ji kamar Baba yana zaune a kan tabarmarsa. Sai dai garmahon yana gunji a lasifika, kuma sautin ya dushe.

Na daɗe ina bin maganganun masu ƙwaƙƙwafin sauti a kan sabon da kamfanin ya fitar, SL-1200GR2. Wasu sun ce a kuɗinsa babu kamarsa, wasu sun ce kayan 'yan DJ ne kawai aka yi wa kwalliya, wasu kuma sun ce bambancinsa da wanda ya gada bai taka kara ya karya ba. Duk da haka raina ya kwanta da shi. Shekara biyu ina ware wani abu daga kuɗin shinkafa ban gaya wa kowa ba, yanzu ya kusa kai. Matsalar ita ce na yi wa maiɗakina alkawarin sa sola a gida, domin tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo kuma rashin wuta yana karya ta, na riƙa ce mata kuɗi bai samu ba. Ta gano ajiyar, kuma tun ranar ba ta sake mini fuska ba. Yayana ma ya ji, ya ce almubazzaranci ne. Shin garmahon ya cancanci kuɗinsa? Kuma yaya zan yi da mutanen gidana?

Mai neman shawara, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya sa albarka a abin da ya bari. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma inda ta fi tsaya mini a rai shi ne inda ka ambaci tabarmar Baba bayan isha'i. Mutumin da yake jin mahaifinsa a cikin sautin kotso ba wasa yake yi da kuɗi ba, kewa ce take damunsa, kuma ina so ka san na ɗauki wannan kewa da muhimmanci kafin in faɗi abin da wataƙila ba zai yi maka daɗi ba. Zan fara da garmahon, domin idan ka gane abin da ake sayarwa a cikinsa, maganar iyali za ta zo maka da sauƙi.

Ta fuskar yadda ake juya farantin da ake ɗora faifai a kansa, garmaho iri biyu ne. Akwai mai bel, wanda ƙaramin inji yake zaune a gefe yana jan faranti da zaren roba, kamar yadda ka ga injin niƙa yana aiki. Akwai kuma mai juyi kai-tsaye, wanda farantin yake zaune a kan sandar injin, babu komai a tsakaninsu. Kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, shi ne mai sunan Technics, kuma shi ya fara fito da mai juyi kai-tsaye kasuwa da SP-10 a 1970, sannan SL-1200 a 1972. Irin na Baba, wato MK2, ya fito a 1979, an sa masa ƙwayar nan da take daidaita tafiyar agogon batir domin ta riƙe masa gudu kada ya ƙaru ko ya ragu. Asalin SL-1200 an ƙera shi ne don saurare a gida, amma masu saka kiɗa a wuraren taro suka rungume shi saboda yana jure wahala kuma yana kai cikakken gudunsa kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Daga nan raini ya samo asali a wurin wasu masu saurare, suka riƙa ganin abin da 'yan DJ suke ja da hannu ba zai yi sauti mai tsabta ba. Wannan hukunci ne a kan masu amfani da na'urar, bai taɓa ita na'urar ba, don haka ka cire shi daga lissafinka.

Akwai dai wata suka ta gaskiya da aka daɗe ana yi. Tsofaffin injuna masu juyi kai-tsaye suna da ƙarfe a tsakiyar naɗin wayarsu, kuma duk lokacin da maganaɗisu ya gifta ta gaban haƙoran ƙarfen yakan ɗan fizgu, fizgar da ido ba ya gani. Masu son garmaho mai bel suna cewa wannan fizga tana isa ga allura ta gurɓata sauti, yayin da roba take shanye girgizar inji. Kamfanin ya daina ƙera SL-1200 a 2010, da ya dawo da shi a 2016 sai ya zo da injin da aka cire wa wannan ƙarfe gaba ɗaya. Ya fitar da GR mai rangwamen kuɗi a 2017, sannan GR2 da kake so a 2023. Abin da aka sabunta a GR2 shi ne yadda ake sarrafa wutar da ke shiga injin domin ta fita sumul ba tare da ƙananan girgiza ba, tare da sashen da yake tace wutar daga soket. Hannun da yake riƙe allura da faranti da gangar jiki kusan duk yadda suke a GR aka bar su. To ka ga masu yabo ba ƙarya suke yi ba, domin na'ura ce mai ƙwari wadda za ta iya kai wa jikoki, kuma ga wanda ba shi da garmahon kirki ko ɗaya, a ganina ta ci kuɗinta. Masu cewa bambancin kaɗan ne su ma gaskiya suke faɗa, domin gyara ne aka yi wa abin da ya riga ya yi kyau.

Kai kuwa ba daga babu za ka fara ba, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani. A takardar da kamfanin ya fitar, kaucewar gudu a MK2 na Baba kashi 0.025 ne cikin ɗari, kuma adadin da aka rubuta wa sabon ke nan. Ka kwatanta wannan da faifan da ramin tsakiyarsa ya kauce da rabin milimita kawai, abin da yake faruwa sosai a faya-fayan da aka buga da: idan allura tana tazarar santimita 10 daga tsakiya, gudun da take ji zai riƙa hawa da sauka da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane zagaye. Aibin da ke jikin faifan ya ninka na injin sau da yawa, kuma babu sabon inji da zai gyara shi. Ka kuma tuna su wane ne suke jin wannan bambanci da ake ta magana a kai. Galibinsu suna zaune ne a ɗakunan da ba a jin motsin komai, wutarsu ba ta rawa, lasifikokinsu sun fi garmahon tsada, kuma faya-fayansu sababbi ne masu kauri. Naka sun shekara arba'in ko hamsin, sun sha ƙurar hunturu, an kuma bi ta kansu da allurai iri-iri. Idan aka kawo maka GR2 gobe ka ɗora su a kai janareta yana ruri a tsakar gida, shirun da ake yabon injin da shi ba zai iso kunnenka ba.

Farashin ma ba wanda ka gani ba ne ƙarshensa. Da ya fito an sa shi kusan dala 2,200 a Amurka, kuma a wannan kuɗi ba ya zuwa da kan allura, ba shi kuma da ƙaramar na'urar nan ta fono da take ɗaga raunanan sautin allura kafin ya shiga amfilifaya. Ka ƙara kuɗin dako da na kwastam, ka ƙara cewa wanda aka yi don kasuwar Amurka wutar bolt 120 yake ci alhali tamu 230 ce, sannan idan ya samu matsala babu inda za ka kai shi a kusa a karɓa da garanti. Ba ka taɓa jin sa da kunnenka ba, kuma sayen kifi a ruwa da miliyoyin naira abu ne da ya kamata magidanci ya yi wa dogon nazari.

Alamomin da ka bayar game da garmahon Baba kuwa ba na injin da ya mutu ba ne. Gunji a lasifika mafi yawan lokaci daga waya yake. Ka duba siririyar wayar nan ta uku da take fitowa tare da wayoyin sauti biyu, wadda ake ɗaurawa a ƙusar bayan amfilifaya domin ta kwashe gunjin wuta, ko ta tsinke ko ta kwance. Wayoyin sautin MK2 a manne suke daga ciki, kuma bayan shekaru sukan karye a ƙarƙashin robarsu, mai gyaran rediyo mai natsuwa zai iya canza su da dalma. Dushewar sauti kuma allura ce. Ƙwayar lu'ulu'un da ke bakinta tana cinyewa bayan ɗaruruwan awoyi na aiki, mai kyau ma da wuya ta wuce awa dubu, kuma 'yar robar da take riƙe da ita tana bushewa a zafi irin namu. Ina roƙonka ka daina ɗora faya-fayan a kanta daga yau, domin allurar da ta cinye kankare layin faifai take yi, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa. Sabon kan allura irin Audio-Technica VM95 ko Ortofon 2M Red ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin da ka tara. Ga tsofaffin faya-fayai ni na fi son mai zagayayyen baki, domin ba ta tono ƙaiƙayin da ke cikin layi kamar mai tsini. A daidaita nauyinta da sikeli a wajen giram 2, ko yadda takardarta ta ce, kada a bi al'adar nan ta ɗora kwabo a kan hannu don kada allura ta yi tsalle. A ɗiga wa sandar tsakiya mai ɗigo biyu ko uku, a goge maɓallin ƙara gudu. An sayar da miliyoyin wannan garmaho a duniya, shi ya sa kayan gyaransa ba su yi wuya ba har yau.

Sai wanki, wanda mutane suke rainawa alhali ya fi komai canza sauti. Na taɓa zama kusa da wani dattijo yana wanke faifan da ya shekara talatin a cikin akwati. Ya jiƙa tattausan burushi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, wanda babu asid a cikinsa, ya bi layin a zagaye yana kare takardar tsakiya da tafin hannunsa, ruwan da ya gangaro cikin tasa ya fito ja kamar ruwan gulbi a farkon damina. Da faifan ya bushe aka ɗora shi, sai ga muryoyin 'yan amshi sun fito daban-daban, waɗanda a da suke dunƙule kamar ana magana a bayan ƙyaure. Ka kiyaye abu ɗaya: masu lamba 78 ɗin nan da wani ƙaro aka yi su wanda sinadarin sifirit yake narkarwa, kada ya kusance su, kuma suna fashewa idan suka faɗi. Ka jera dukkan faya-fayan a tsaye kamar littattafai, nesa da taga da bangon da rana take duka, domin zafin Maris da Afrilu a Birnin Kebbi, da yake haura digiri 40, yana lanƙwasa faifan da aka kwantar a ƙarƙashin kwano.

Waɗannan masu lamba 78 su ne hujja guda da sabon garmahon yake da ita a kan na Baba, kuma adalci ne in faɗa. MK2 gudu biyu yake da shi, zagaye 33 da 45 a minti ɗaya, GR2 kuwa yana da na uku, wato 78. Amma akwai masu juyi kai-tsaye masu sauƙin kuɗi, irin su Audio-Technica AT-LP120X, da suke juya 78 kuma suna da hanyar haɗawa da kwamfuta. Ko da wanne ka yi amfani, sai ka nemi allura ta musamman mai kauri, domin layinsu ya fi na sauran faɗi.

Yanzu mu koma cikin gida, inda ainihin ciwon yake. Ɗan'uwa, ina ganin maiɗakinka ba garmaho take fushi da shi ba. Shekara biyu tana kallon ƙanƙararta tana narkewa, zoɓonta yana tsami, tana tambayarka kana cewa babu, ta haƙura saboda ta yarda da maganarka, sai ta wayi gari ta ga akwai. Abin da ya taɓu a zuciyarta shi ne yarda, kuma duk bayanin inji da za ka yi mata ba zai kai wurin ba. Kuɗinka ne, guminka ne a fadama, kuma namiji yana da damar ya so wani abu don kansa bayan ya sauke nauyin ci da sha da sutura. Amma alkawari kaya ne, kai ka ɗora wa kanka shi da bakinka, kuma ka ce babu alhali akwai. Ka same ta a lokacin da yara suka yi barci, ka ba ta haƙuri a kan ɓoyewar ba tare da ka haɗa da wani uzuri ba, ka faɗa mata adadin abin da ke ajiye. Bayan haka, a wani zaman idan ta huce, ka gaya mata abin da ka gaya mini game da tabarmar Baba. Ina kyautata zaton ba ka taɓa faɗa mata wannan ba, kuma macen da ta zauna da kai har 'ya'ya huɗu za ta gane kewar uba idan aka buɗe mata ita.

Shawarata ita ce ka sa solar nan da mafi yawan kuɗin, kuma ka sa ta kafin zafi ya shigo. Ka lura cewa wannan ba asara ba ce ga sauraronka. Garmaho ba ya cin wutar da ta kai wat 20, kuma ranar da janareta ya yi shiru a gidanka ita ce ranar da za ka fara jin abin da ke cikin faya-fayan Baba. Ka dai gaya wa mai haɗa maka cewa inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta kake so, domin masu arahar nan suna sa amfilifaya zuzu. Abin da ya rage ka kasa shi ga gyaran MK2 da sabon kan allura da kayan wanki, kuma ka yi wannan kason da saninta.

Game da Yaya, kalmar almubazzaranci ta yi maka zafi, amma kada ka mayar masa da zafi. Babban wa uba ne, kuma mai yiwuwa abin da ya hango shi ne ƙaninsa zai zuba amfanin gonar shekara biyu a abin da ba a ci ba a sha. Idan damuwarsa ta shafi hukuncin sauraron kiɗa ne, wannan fagen malamai ne, ku kai musu tare cikin girmama juna. Akwai kuma wata magana da ba ka tayar ba, ni zan tayar: garmahon da faya-fayan suna cikin abin da Baba ya bari. Idan ba a sa su a rabon gado ba, ko sauran magada ba su yafe maka da bakinsu ba, to amana ce a hannunka. Ka je gidan Yaya da kanka ka faɗa masa ka jingine sayen sabon, ka nemi a fayyace matsayin kayan, ko a yi musu kuɗi a cire daga rabonka ko a bar maka su da yardar kowa, mata da maza. Sannan ka yi abin da zai mayar da su na kowa: bayan an wanke su an gyara allura, ka naɗe su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, ka ɗauki hoton takardar kowane faifai, ka zuba wa duk ɗan'uwan da yake so a memori. Wasu daga cikin waƙoƙin nan ba lalle a same su a wani wuri da sauƙi ba, kuma masu nazarin waƙar baka a sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato za su san darajar kwafinsu.

Ban ce ka kashe burin sabon garmahon ba. Ka ba wa gyararren na Baba shekara guda kana saurare a gidan da babu rurin janareta. Idan bayan haka kunnenka yana neman ƙari, ka fara da lasifika, domin a nan da kan allura kuɗi ya fi bayyana a sauti. Idan har yanzu GR2 ne a ranka, ka buɗe sabuwar ajiya wadda maiɗakinka ta san da ita, ka nemi wanda yake da irinsa ko da sai ka yi tafiya zuwa Abuja ko Legas, ka tafi da faya-fayanka uku da ka fi sani ka ji da kunnenka, kuma ka tabbatar na wutar bolt 220 zuwa 240 ne za a kawo maka. Kada wani mai sayarwa ya tsorata ka da cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, domin ba ƙayyadadden adadi aka ƙera ba, kuma wanda aka ɗan yi amfani da shi yakan fito da rangwame.

Ranar da mai gyara ya gama aikinsa, kada ka kunna shi kai kaɗai. Ka gayyaci Yaya da sauran 'yan'uwa bayan isha'i, ka shimfiɗa tabarma, maiɗakinka da yara suna kusa, ka bar Yaya ya zaɓi faifan farko, tun da ya riga ka sanin wanda Baba ya fi ɗorawa. Ka rubuto mini yadda zaman ya kasance, da abin da mai gyaran ya samu a cikin wayoyin.